Google Sheets da lissafin harajin mutum a Legas: inda yake aiki da inda yake gazawa

Na yi amfani da Google Sheets a waya, da Excel a kwamfuta, wajen ƙiyasta harajin masu albashi da na 'yan kasuwa a nan Legas. Ga mai albashi, jadawalin da aka gina daidai yana fitar da abin da ya kamata a cire masa har zuwa naira ta ƙarshe. Ga ɗan kasuwa kuwa, ingancinsa bai wuce ingancin abin da aka zuba masa ba. Kuma duk wannan bisa sharaɗi ɗaya ne: ka gina naka da hannunka, ka rabu da wanda ake ta turawa a WhatsApp.

Dalili shi ne dokar ta canza. Shugaba Tinubu ya sa wa sabuwar dokar haraji hannu ranar 26 ga Yunin 2025, ta fara aiki 1 ga Janairun 2026. Tsohon tsari yana da matakai daga kashi 7 zuwa kashi 24 cikin ɗari, da rangwamen naira 200,000 haɗe da kashi 20 na kuɗin shiga. An soke wannan rangwamen. Yanzu naira 800,000 na farko a shekara babu haraji a kansu, miliyan 2.2 da ke biye kashi 15 ne, miliyan 9 na gaba kashi 18, miliyan 13 na gaba kashi 21, miliyan 25 na gaba kashi 23, abin da ya haura miliyan 50 kuma kashi 25. Jadawalin da aka yi kafin 2026 zai ba ka amsa a tsare, babu alamar kuskure ko ɗaya, amma da tsohuwar doka ya lissafa.

Ga yadda nake ba da shawarar a shimfiɗa shi. A gefe guda ka ware wa matakan harajin wuri nasu. Daga D2 zuwa D7 ka rubuta inda kowane mataki ya fara: 0, 800000, 3000000, 12000000, 25000000, 50000000. Daga E2 zuwa E7 ka sa kason kowanne. Daga F2 zuwa F7 kuma ka sa bambancin kaso tsakanin mataki da wanda ya gabace shi, wato 0%, 15%, 3%, 3%, 2%, 2%. Idan kuɗin da za a yi wa haraji yana B9, layi ɗaya ya isa:

=SUMPRODUCT((B9>$D$2:$D$7)*(B9-$D$2:$D$7)*$F$2:$F$7)

Wannan yana aiki a Sheets da Excel ba tare da an canza ko harafi ba. Na fi son sa a kan jerin IF a cikin IF, saboda duk ranar da majalisa ta taɓa kason, gida shida kawai za ka gyara. Alamar $ ɗin nan ba ado ba ce. In ka bar ta, ka ja fomular ƙasa don lissafa wa mutum na biyu, matakan su ma za su zame ƙasa, sai mai albashin miliyan huɗu ya fito da harajin da bai yi kama da komai ba.

Mu ɗauki ma'aikaci a Ikeja mai albashin naira 500,000 a wata, miliyan 6 a shekara. A ce tushen albashinsa da alawus na gida da na sufuri sun kama miliyan 4.8. Kashi 8 na fansho a kan waɗannan ukun ake cire shi, ba a kan albashin gaba ɗaya ba, don haka 384,000 ne. Yana biyan hayar miliyan 1.5 a Agege, doka ta ba shi rangwamen kashi 20 na hayar, 300,000 ke nan. Abin da ya rage 5,316,000. Babu komai a kan 800,000 na farko, akwai 330,000 a kan miliyan 2.2, sannan 416,880 a kan ragowar 2,316,000. Jimla 746,880 a shekara, 62,240 a wata. Tsohon jadawali zai ce masa 822,272. Wanda kuma ya ninka kuɗin duka da kashi 18, don ya ga can matakinsa ya faɗa, zai samu 956,880, ya tayar wa kansa da hankali a kan 210,000 da ba kowa ke binsa ba. Ka gwada naka da waɗannan alkaluman. In bai ba ka 746,880 ba, akwai abin da ya karkace.

Rangwamen haya shi ne wurin da aka fi ruɗewa, kuma a garin da haya ke cinye kaso mai yawa na samun mutane dole a tsaya a kansa. Yana da iyaka, naira 500,000, saboda haka, idan kuɗin hayar yana B5, a rubuta shi =MIN(500000,B5*20%). Da zarar hayarka ta kai miliyan 2.5 ka cika ma'auni, ko da a Lekki kake biyan miliyan takwas. Daga kuɗin shiga ake cire shi, ba daga harajin ba. A misalinmu 300,000 ɗin nan abin da ya rage wa ma'aikacin a zahiri 54,000 ne. Idan mai gida ya karɓi kuɗin shekara biyu a dunƙule, kamar yadda aka saba a nan, na shekara ɗaya za ka shigar. La'adar ejan da kuɗin lauya ba haya ba ne. Wanda ke zaune a gidan kansa ba shi da wannan rangwamen. Sannan sai ka bayyana ainihin abin da ka biya, don haka ka riƙe rasit da takardar yarjejeniya. 'Yan'uwanmu da yawa a Idi-Araba da Alaba Rago hannu da hannu suke biyan haya babu takarda, wannan kuwa asara ce da manhaja ba za ta gyara ba.

Sauran abubuwan da ake cirewa: kuɗin asusun gidaje na ƙasa in ana cire maka, inshorar lafiya, inshorar rai, da kuɗin ruwan bashin gina gidan da kake zaune a ciki. Zakka da kuɗin cefanen da kake aika wa gida Arewa ba sa cikin jerin. Motar da kamfani ya ba ka kuwa ƙari ce, ana ɗora kashi 5 na kuɗin sayenta a kan samunka na shekara. Akwai kuma gyara ɗaya da fomular ba za ta yi da kanta ba: mai mafi ƙarancin albashi na ƙasa, 70,000 a wata, doka ta yafe masa, amma 840,000 ya ɗara 800,000, sai jadawalin ya ɗora masa 6,000 in ba ka sa masa IF a gaba ba.

Kada ka ninka albashin wata ɗaya da goma sha biyu. Ka buɗe layi goma sha biyu, ka tara. In ba haka ba watan da aka biya garaɓasar ƙarshen shekara zai jefa ka matakin da ba naka ba.

Ga ɗan kasuwa lamarin ya fi nauyi. Haraji a kan riba yake, ba a kan duk abin da ya ratsa ta asusunka ba. Dillalin tumatir ko albasa a Mile 12 miliyoyi na iya shiga asusunsa a mako, alhali na fataken da suka turo kaya ne, nasa la'ada ce kawai. Haka kuɗin adashi, da rance, da aiken da aka turo a miƙa wa wani. Sheets bai san wannan ba. Sai ka ƙara layi na musamman, kowane shigar kuɗi ka yi masa suna: ciniki, la'ada, amana, rance. Ka sa sunayen a jerin zaɓi maimakon rubutawa da hannu, domin SUMIF, fomular da ke tara kuɗi bisa suna, yana ɗaukar "la'ada" da "laada" a matsayin abu biyu, ya bar ɗaya a waje shiru. Kuɗin mota, ɗaukar kaya, hayar shago da albashin yaran shago ana cire su daga ciniki. Harajin da kamfani ya riƙe daga kuɗin kwangilarka kuma daga harajin ƙarshe ake rage shi, muddin kana da shaidarsa.

Ta fuskar manhajar kanta, kuskuren da ya fi yawa shi ne lamba ta koma rubutu. Ka kwafo adadi daga saƙon banki da harafin N a gabansa ko da sarari a bayansa, SUM zai tsallake shi bai ce uffan ba. Alamarsa ita ce adadin ya jingina hagu maimakon dama. Rubuta 15 a maimakon 15% kuma yana ninka harajin sau ɗari, wannan dai ba ya ɓuya. Gina fomula a allon waya wahala ce, saboda alamar baka-biyu da alamar $ suna ɓoye. A gina a kwamfuta, a riƙa shigar da alkaluma a waya. Sheets ya fi Excel daɗi wajen komawa tsohon kwafi in an ɓata wani abu, yana kuma buɗewa babu data in ka riga ka ajiye fayil ɗin a wayar. Ka kulle gidajen D zuwa F. Kuma kada ka bar shi a buɗe ga duk mai riƙe da mahaɗin, albashinka da adireshinka ne a ciki.

Abin da ya fito ƙiyasi ne, ba takardar hukuma ba. Amfaninsa shi ne ka ajiye shi gefen takardar albashinka, in bambancin ya yi yawa ka je ofishin kuɗi na wurin aikinka da alkaluma a hannu. Kamfani na miƙa harajin PAYE, wato wanda ake cirewa daga albashi, zuwa 10 ga wata mai biyowa, yana shigar da bayanan shekara zuwa 31 ga Janairu, kai kuma naka zuwa 31 ga Maris ta shafin eTax na LIRS, hukumar haraji ta jihar Legas. Kason ɗaya ne a duk faɗin ƙasa, amma jihar da kake zaune ita ke karɓa: wanda ke kwana a Mowe ko Ibafo yana aiki a Apapa, harajinsa na jihar Ogun ne.