Kwikwiyon Azawak a garkenmu: abin da na gani cikin wata 14

Bara da rani dila ya ɗauke mana 'yan awaki uku cikin sati biyu. Gonarmu tana bayan garin Illela, kuma ba wata babbar gona ba ce: tumaki 11, awaki 16, sai zabi da kaji na mahaifiyata. Amma ga mai ƙaramin garke, 'yan awaki uku kuɗin makarantar yaro ne. Shi ya sa na nemi kare.

Da farko Baba bai yarda ba. "Kare a gidana?" ya ce. Na ce, "Baba, ba a gida zai zauna ba, a garke." Shi da kansa ya tuna hadisin da ya yi rangwame ga karen farauta da na kiwo da na gona, ya ce to, amma da sharaɗi: kaskonsa daban, kada ya shiga inda ake salla.

Wajen wani Buzu makiyayi da ke zuwa kasuwar dabbobi daga ɓangaren Tawa ta Nijar na samo shi, na ba shi ɗan taure a madadin kuɗi. Irin karnukan nan ne na kwarin Azawak, yankin da ya haɗa Nijar da Mali, masu dogayen ƙafafu da ɗamammen ciki, haƙarƙari a waje ko sun ƙoshi. Ja ne mai farin ƙirji, yana da sati takwas. Yara suka sa masa suna Barewa.

Shawara ɗaya mutumin ya ba ni, kuma ita ce ta fi karen kansa daraja. Ya ce daga daren farko ya kwana da dabbobi, kada a kai shi tsakar gida. Kwikwiyo yakan ɗauki waɗanda ya tashi cikinsu a matsayin danginsa, kuma wannan shaƙuwa tana ƙulluwa ne kafin ya cika wata huɗu. Na killace masa wani lungu da danga a cikin turken, tare da wata tsohuwar tunkiya mai sanyin hali da 'ya'yanta biyu. Dare uku yana kuka. 'Yata ta riƙe min riga tana cewa, "Abba, a kawo shi ɗaki mana." Raina ya sosu, amma na hana. A dare na huɗu na leƙa da tocila, na tarar ya cusa kansa a jikin tunkiyar yana barci. Har yau wajenta yake fara zuwa da safe.

Abincinsa bai wahalar da ni ba: tuwon dawa ko na gero da tsala, ƙashi da kayan ciki daga mahauta sau biyu a sati. Miyar da ta sha albasa ba ma ba shi, tana cutar da jinin kare. Da ya cika wata uku malamin dabbobi ya yi masa allurar ciwon haukan kare, irin wadda cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom, a jihar Filato, ke haɗawa, da maganin tsutsar ciki. Wannan allura kada kowa ya yi wasa da ita, musamman mai yara. Da damina kaska ta dame shi a kunne da tsakanin yatsu, da hunturu kuma sai na shimfiɗa masa buhu, domin gashinsa gajere ne.

Abin da mai karen bai faɗa min ba shi ne wahalar da ake sha lokacin da kwikwiyo yake tsakanin wata shida zuwa goma da haihuwa. Barewa ya fara bin 'yan tumaki da sunan wasa yana jan kunnensu, ya kashe zabo ɗaya. Inna ta yi fushi, da gaskiyarta. Ban doke shi ba, duka yana sa irinsu su tsorata da mutum. Na riƙa tsawatar masa a daidai lokacin, na ɗaure shi kusa da manyan raguna idan ba na nan. Sai da aka yi wata uku ana wannan fama.

Wani aibin ma bai rabu da shi ba. Jininsa na farauta ne: ya hango zomo, sai ya bar garke ya bi. Baƙo kuma ba ya sake masa fuska, dole na riƙe shi idan maƙwabci ya zo.

To, ya biya kuɗinsa? Tun da muryarsa ta buɗe ba mu sake rasa ɗan akuya ba. Wani dare cikin watan jiya haushinsa ya tashe ni, na fito na tarar da shi tsaye tsakanin danga da awaki, gashin bayansa a miƙe, da safe muka ga sawun dila. Amma ba zan ce wa kowa zai tare kura shi kaɗai ba, jikinsa bai kai na manyan karnukan Kangal na Turkiyya ba, balle ɓarayin shanu masu bindiga. Aikinsa ya ji motsi, ya yi haushi, ya kori ƙananan namun dawa. Mai ƙaramin garke da zai iya haƙurin shekara guda, ina ba shi shawarar ya nema. Ni dai na riga na yi wa Buzun magana a kan mace, idan karyarsa ta sake haihuwa bayan damina.