Wane maganin raunin ƙashi ya dace da Hajiya? Abin dubawa kafin a kashe kuɗi

Dattijuwa ta zame a banɗaki, faɗuwar da ba ta kai ta kawo ba, amma ƙashin ƙugu ya karye. Wata kuma sai a lura tsawonta na raguwa, baya na rankwafawa, a ce ai tsufa ne. Sau da yawa cutar raunin ƙashi ce, wadda likitoci ke kira osteoporosis. Ƙididdigar duniya ta nuna mace ɗaya cikin uku da namiji ɗaya cikin biyar da suka haura shekara 50 za su samu karaya saboda ita. Magungunanta iri-iri ne, kuma ra'ayina a kansu ɗaya ne: a zaɓi wanda mai jinya za ta iya bin ƙa'idarsa, 'ya'yanta kuma su iya ci gaba da sayensa shekara da shekaru ba yankewa.

Da farko a tabbatar cutar ce. Ciwon gwiwa da amosanin gaɓɓai wani abu ne daban, waɗannan magunguna ba su yi musu komai. Raunin ƙashi shiru yake yi har sai an karye. Ana gano shi da hoton DXA, mai auna kaurin ƙashin ƙugu da na baya, idan sakamakon ya nuna -2.5 ko ƙasa da haka. Na'urar ba ta wadata a wurarenmu ba, amma karayar ƙugu ko ƙashin baya daga 'yar ƙaramar faɗuwa ta isa likita ya fara magani. Saboda haka ko an je wajen mai ɗori ƙashi ya haɗe, a daure a kai ta wajen likitan ƙashi, irin na Asibitin Ƙashi na Dala a Kano, domin mai karaya ɗaya ita ce ta fi kusa da ta biyu. A kuma yi gwajin jini na ƙoda, kalsiyam da bitamin D, su ne za su nuna wane magani aka halatta mata.

Ƙashi kamar gidan ƙasa yake, damina na zaizaye shi, magini na yi masa yaɓe. Bayan ɗaukewar al'ada sai zaizaya ta rinjayi yaɓe. Magungunan sun kasu biyu ke nan, masu rage zaizaya da masu ƙara gini.

Cikin masu rage zaizaya, wanda aka fi farawa da shi shi ne alendronate, da aka amince da shi a Amurka tun 1995, wasu sun san shi da sunan Fosamax. Ƙwaya ɗaya ce mai miligiram 70 sau ɗaya a mako. Shi ne mafi araha, ba ya buƙatar firji, kuma yana rage karayar baya da ta ƙugu. Wahalarsa tana wajen sha. Abin da jiki ke ɗauka daga ƙwayar bai kai kashi 1 cikin 100 ba, idan ta haɗu da abinci kuwa, kuɗi sun tafi a banza. Dole a sha da safe cikin ciki ba komai, da kofi cike da ruwa zalla, ba shayi ba, ba koko ba, ba nono ba. Sannan a zauna ko a tsaya a miƙe minti 30 ba ci ba kwanciya, domin idan ƙwayar ta dawo maƙogwaro tana iya yi masa rauni. A gidajenmu wannan na nufin Hajiya ta sha bayan ta idar da sallar asuba, tunda ruku'u da sujada sunkuyawa ne, ta zauna kan kujera tana lazimi, kada ta koma gado. Sai a ware rana guda, a ce kowace Juma'a, a ɗora wa jika ɗaya nauyin tunatarwa. Mai matsalar haɗiya, ko wadda ba ta iya zama a miƙe, ko wadda ƙodarta ta yi rauni sosai, wannan ba nata ba ne. Risedronate mai miligiram 35 ɗan'uwansa ne, ƙa'idarsu ɗaya. Akwai kuma ibandronate na wata-wata, yana da daɗin sha'ani, sai dai ba a tabbatar yana kare ƙugu ba, ƙugun kuwa shi ne abin tsoro.

Idan ƙwayar ta gagara, zoledronic acid ne na gaba, wanda ake sayarwa da sunan Aclasta. Miligiram 5 ne ta ƙarin ruwa, aƙalla minti 15, sau ɗaya a shekara. A binciken da aka buga a 2007 ya rage karayar ƙashin baya da kashi 70 cikin 100, ta ƙugu da kashi 41, cikin shekara 3. Ga tsohuwar da ke ƙauye, ko mai yawan mantuwa, ni shi nake ganin ya fi, domin zuwa ɗaya asibiti ya gama da shekarar. Amma a sani, kusan mutum ɗaya cikin uku na samun zazzaɓi da ciwon jiki na 'yan kwanaki bayan karon farko. Mu nan nan da nan za a ce zazzaɓin cizon sauro ne. Parasitamol da shan ruwa sukan wadatar, idan ya ƙi sauka a je a yi gwaji. Zoledronic acid ma yana son ƙoda mai lafiya.

Waɗannan duka suna zama cikin ƙashi, shi ya sa bayan shekara 5 ta ƙwaya ko shekara 3 ta ƙarin ruwa likita kan duba ko za a huta.

A kan denosumab nake son a tsaya a yi lissafi sosai. Sunan kasuwarsa Prolia, allura ce ta ƙarƙashin fata, miligiram 60 duk wata 6, tun 2010 ake amfani da ita. Tana da ƙarfi, ta rage karayar baya da kashi 68, ta ƙugu da kashi 40, kuma ana iya ba masu raunin ƙoda. Su ɗin ma sai da sa ido, domin a 2024 hukumar magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi mai tsanani cewa tana zubar da kalsiyam na jini ga masu ciwon ƙoda da ya yi nisa, musamman masu wankin ƙoda. Babbar matsalarta ita ce dainawa. Ba ta zama cikin ƙashi. Da zarar lokaci ya wuce ba a yi ta gaba ba, zaizayar na dawowa da ƙarfin da ya fi na da, har wasu su samu karaya a gaɓoɓin baya da yawa lokaci guda. To, a ƙasar da farashin maganin waje ke bin dala, yau akwai gobe babu, ga ta kuma sai an ajiye ta a firji tsakanin digiri 2 zuwa 8, a tambayi kai da gaske: wa zai biya ta biyu, ta uku, ta shida? Idan amsar ita ce "Allah zai hore", to gara a fara da ɗaya daga cikin waɗanda aka ambata a sama. Wadda kuma ta riga ta fara, kada ta daina sai likita ya mayar da ita kan alendronate ko zoledronic acid.

Masu ƙara gini na waɗanda abin ya yi wa tsanani ne, kamar mai karaya fiye da ɗaya a baya. Teriparatide allura ce kullum ta kimanin shekara 2. Romosozumab, da ya fito a 2019, wata-wata ake yi tsawon wata 12, kuma ba a ba wadda ta yi bugun zuciya ko shanyewar ɓarin jiki kwanan nan. Dukansu suna da tsada ainun, suna son firji, kuma in an gama dole a bi su da mai rage zaizaya, in ba haka ba ribar ta tafi. Raloxifene kuwa, ƙwayar da ba ta cikin masu ƙara gini, ƙashin baya kaɗai yake karewa, yana rage haɗarin sankarar mama, amma yana iya jawo daskarewar jini a jijiya. Maganin maye gurbin sinadaran mata ya fi dacewa da 'yar ƙasa da shekara 60 da ke fama da zafin jiki na ɗaukewar al'ada.

Ko wanne aka zaɓa, sai da kalsiyam, kimanin miligiram 1,000 zuwa 1,200 a rana, da bitamin D. Nono, kindirmo, zogale, riɗi da ƙananan kifi da ake ci da ƙaya suna ba da kaso mai kyau. Su kaɗai ba su isa magani ga wadda ta riga ta karye ba, duk abin da mai talla zai faɗa. A kuma duba ledar magungunan Hajiya. Idan akwai prednisolone ko dexamethasone da take saye a kemis don ciwon gaɓɓai, a nuna wa likita, domin daɗewa a kansu na cinye ƙashi, amma kada a yanke su lokaci ɗaya ba da saninsa ba.

Kafin allura ko ƙwayar farko a ga likitan haƙori, a cire abin cirewa, saboda masu rage zaizaya kan hana ƙashin muƙamuƙi warkewa, ko da yake ba kasafai ba. A kantin magani kuma a duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa, allurar firji a ga an ciro ta daga firji mai aiki. Zoledronic acid mai miligiram 4, da denosumab mai miligiram 120, na masu ciwon daji ne, a karanta kwalin a gaban mai kanti kafin a biya.