Wuƙar girki marar tsini da na saya a babbar kasuwar Garwa

Wata biyu kenan ina aiki da ita shi yasa nace bari in faɗa muku yadda na same ta. Jaka biyu da rabi na saye ta wajen wani mai kayan kicin, kanta a zagaye yake kamar na cokali, amma bakin kam kaifi gareshi sosai, ranar farko ma saida ta ɗan taɓa min yatsa ina yankan albasa.

Abinda yasa na nemeta, autana ne ya ɗauko tsohuwar wuƙata daga kan turmi yana gudu da ita a tsakar gida yana dariya, wallahi ƙafafuna sun kasa ɗaukata, har dare jikina rawa yake. Da na bawa yayana labari shine yace ai a Ingila ma an daɗe ana jayayya kan wannan tsinin. Tun 2005 wasu likitocin wani asibiti a Landan suka rubuta cewa a hana sayar da dogayen wuƙaƙen girki masu tsini, saboda tsinin ne ke shiga ciki ya taɓa zuciya ko hanta, yanka kuwa sau da yawa ana ɗinkewa mutum ya tashi. A 2025 ɗan fim ɗin nan Idris Elba ya sake tado maganar. Wasu kuma sukace aikin banza ne, mai niyyar kisa zai wasa ko guntun ƙarfe ne, kuma suma da gaskiyarsu.

To aiki fa? Albasa, tumatir, kuɓewa, yakuwa, feraye dankali, duk ba abinda ta rage ni dashi, nama ma tana yankawa sumul indai ba ƙashi. Inda ta bani wahala kifi ne. Karfasar Binuwai in zaki farke cikinta sai kin soka tukunna, wannan kuwa zamewa take akan fatar, sai na fara tsagawa a hankali ta gefe, aikin minti biyu ya koma biyar. Raba kaza ta gaɓa ma haka. Mariƙin roba ne, in hannu da mai yana santsi, wannan kam ban ji daɗinsa ba ko kaɗan.

Ni dai bana ganin doka irin wannan zata yi aiki a nan, ya za ayi da mahauta da masu tsire, balle ranar layya? Amma cikin gida da yara, da samarin da abu kaɗan sai zuciya ta ɗebesu, gara wacce ke kusa da hannu ta zama marar tsini. Mai tsinin na naɗeta a tsumma na kulle a akwati, sai ranar kifi nake fito da ita. Maman Hawwa maƙwabciyata ta gani tace in na koma kasuwa ranar asabar in taho mata da guda biyu.