Wanda ya ce ka kashe mai gadin kwamfutarka, shi ne ɓarawon

Jama'a, wannan gargaɗi ne, kuma a kaina abin ya faru, ba ji na yi a bakin wani ba.

Akwai wani mutum da ke tallar manhajojin kwamfuta masu tsada a dandalan sada zumunta, yana cewa ya fasa su, ba sai ka biya kamfani kuɗin lasisi ba. Kama sunansa ba shi da amfani, don yau da wannan suna yake, gobe da wancan, kuma irinsa ba su ƙirguwa. Ni manhajar gyaran bidiyo nake nema. Na tura masa ɗan abin da ya yanka, ya turo mini adireshin da zan sauke fayil ɗin. Fayil ne a dunƙule, an kulle shi da kalmar sirri, 1234. A ciki akwai 'yar takardar umarni, layinta na farko yana cewa in kashe Windows Defender, wato manhajar tsaron da ke gadin kwamfuta, kafin in buɗe komai. Na ɗan yi turus, na tambaye shi dalili. Ya ce, "Haba yallaɓai, ai kowa haka yake yi. Ƙarya zai yi maka cewa akwai cuta, don ba ya son fasassun kaya." Na kashe da hannuna.

Abin takaicin shi ne manhajar ta yi aiki lafiya lau, har na yi masa godiya. Bayan kwana huɗu sai ga saƙo a imel ɗina cewa an shiga daga wata ƙasar da ban taɓa takawa ba. Kafin in farga, shafina na Facebook ya fara tallar kuɗin kirifto da sunana, abokai suna kira suna tambaya ko lafiya. Abin da ya fi ɗaure mini kai, na sa tsarin tabbatarwa na mataki biyu, amma ko sau ɗaya wayata ba ta karɓi lambar shiga ba.

Daga baya na gane yadda aka yi. An cusa wata 'yar manhajar sata a cikin abin da na sauke. Aikinta na 'yan daƙiƙu ne: ta kwashe duk kalmomin sirrin da na bar wa burauza ta riƙe mini, ta haɗa da 'yan fayilolin da ke shaida wa shafi cewa wannan mutum ya riga ya shiga, kada a sake tambayarsa. Wanda ya samu waɗannan ba ya buƙatar lambar da ake turowa waya. Ita kuwa kalmar sirrin nan ta 1234, an sa ta ne don na'urorin bincike su kasa leƙa abin da ke cikin ƙunshin kafin ya iso gare ni.

Mutane da yawa suna ganin cutar kwamfuta kamar mura ce, iska ce ke kawo ta. Alhali mutum ne ke zama ya rubuta ta. A 1986 wasu 'yan'uwa biyu a Lahore ta Pakistan, Basit da Amjad Farooq Alvi, suka rubuta wadda ake kira Brain, tana bin faifan filofi daga kwamfuta zuwa kwamfuta, har da adireshinsu da lambar wayarsu suka sa a ciki. A watan Mayun 2000 wata ta fito daga Filifin a siffar wasiƙar soyayya ta imel, ILOVEYOU. Duk wanda zumuɗi ya sa ya buɗe, sai ta aika kanta ga kowa da ke jerin adireshinsa. WannaCry ta 2017 ma ba ta jira kowa ya danna komai ba. Ta bi wata ɓaraka a Windows wadda Microsoft ya riga ya toshe tun watan Maris, ta kulle fayilolin kwamfutoci sama da 200,000 a ƙasashe kusan 150, har asibitocin Birtaniya suka riƙa mayar da marasa lafiya gida. Waɗanda suka sabunta na'urorinsu a kan lokaci ba ta taɓa su ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Yanzu abin ya zama kasuwa. Mai rubutawa daban, mai yaɗawa daban, mai sayen bayanan da aka sato daban. Hayar manhajar satar ake bayarwa wata-wata. A Mayun 2025 Microsoft ya ce ya gano kwamfutocin Windows sama da 394,000 da wata mai suna Lumma ta kama cikin wata biyu kacal. Mutumin da ya damfare ni mai yiwuwa ko layi ɗaya bai iya rubutawa ba, dillali ne kawai, kuma ɗan kuɗin da ya karɓa a hannuna ba shi ne ribarsa ba. Asusuna ne hajar.

Ƙofofin suna da yawa. Akwai shafin da zai ce ka tabbatar kai mutum ne, sai ya umarce ka ka danna maɓallin Windows da R, ka liƙa wani rubutu, ka danna Enter; babu shafin gaskiya da ke neman haka, kai ne kake sauke cutar da yatsanka. Akwai filashin da za ka soka ka ga duk manyan fayilolinka sun koma 'yan alamomi masu kibiya. Akwai jabun WhatsApp masu alƙawarin nuna maka saƙon da aka goge. A 2021 kamfanin Kaspersky ya gano cutar Triada a cikin wani mai suna FMWhatsApp.

In ka riga ka faɗa, kada ka canza kalmar sirri a kan kwamfutar da ta kamu, sabuwar ma za a kwashe. Cire kwamfutar daga intanet, ka ɗauki wata na'ura mai tsabta, ka fara da canza kalmar sirrin imel don shi ne mabuɗin sauran, ka fitar da duk na'urorin da suka shiga cikinsa, sannan banki. Ni dai ƙarshe goge kwamfutar na yi kakaf na sake ɗora Windows. Abin haushi, ashe wata manhajar gyaran bidiyo mai suna DaVinci Resolve tana da nau'in kyauta na halal a shafin kamfaninta, kuma ya ishe ni aikin da nake yi.

Da na koma in yi wa mutumin magana, na tarar ya toshe ni. Makon jiya na sake ganin tallarsa da sabon suna da sabon hoto, rubutun bai canza ko harafi ɗaya ba, a ƙasa mutum uku suna tambayar yadda za su biya.