Littafi ko bidiyo: wanne za ka fara saya kan ƙirar bindigar ƙanƙara?

Wanda ya taɓa tsayawa kallon hawan sallah a Kano ko Katsina ya san irin bindigar da ake magana. Ana ɗura mata albarushi ta baki, a dandanna da sanda, a saki kunama, hayaƙi ya turnuƙe. Mu muna ce mata adaka ko bindigar toka. A Amurka ƴar uwarta ta zama sana'ar gargajiya mai littattafai da finafinai da malamai, kuma kusan duk abin da za ka samu na sayarwa kan wannan fanni daga can yake, da Turanci.

Tasu doguwa ce siririya, wadda maƙeran Jamus da suka yi ƙaura zuwa Pensilbeniya, musamman yankin Lancaster, suka fito da ita a ƙarni na 18. Bututunta kan haura inci 40, ƙotarta ta icen maple ce mai ratsi-ratsi, an yi mata ado da farin ƙarfe da tagulla, dutsen ƙanƙara ne ke ƙyasta mata wuta. Ka riƙe wannan a ranka, don yawancin shafukan da za ka biya kuɗinsu ba kan ƙira suke ba. Kan sassaƙa suke. Mai koyo a can sayen bututu da kunama ƙerarru yake yi, aikinsa shi ne ya zaunar da su cikin ice.

Littattafai uku ake yawan ambata. Mafi tsufa shi ne Recreating the American Longrifle na William Buchele da George Shumway, wanda daga baya Peter Alexander ya sa hannu a gyaransa. Ya daɗe a hannun masu koyo, kuma yana tafiya daki-daki daga ɗanyen katako har shafa mai. Na biyu shi ne The Art of Building the Pennsylvania Longrifle na Chuck Dixon, wanda ya kafa shagon sayar da irin waɗannan bindigogi a garin Kempton na Pensilbeniya. Ƙarfinsa zanen hannu ne. Inda wani zai cika shafi da bayani, shi sai ya nuna maka zanen hannu riƙe da kayan aiki. Ga wanda Turancinsa bai yi nisa ba, wannan ba ƙaramin abu ba ne, kuma da za a ce in zaɓi ɗaya tak ga sabon shiga, shi zan ɗauka.

Na uku, The Gunsmith of Grenville County na Peter Alexander, ɗan Kanada, ya fi su kauri da yawan magana. Asalinsa rubuce-rubucen da ya riƙa yi ne a mujallar Muzzleloader, aka tattara. Mutumin yana da ra'ayi, kuma ba ya ɓoye shi. Zai gaya maka dalilin da ya sa layin ƙota ya kamata ya kwanta haka ba haka ba, ya daɗe a kai. Wanda ya riga ya ɓata katako ɗaya ko biyu zai ji daɗinsa. Wanda bai taɓa riƙe magagari ba zai iya nutsewa a ciki tun kafin ya kai rabi.

Akwai kuma littattafan kallo, irin Rifles of Colonial America na Shumway, juzu'i biyu, 1980, da na Joe Kindig na 1960 kan bindigar Kentaki, wato wani sunan wannan doguwar bindiga. Hotunan tsofaffin bindigogi ne da bayanin masu ƙera su. Suna da tsada, ba sa koya maka aiki, ido suke gyarawa. A bar su sai daga baya.

To, me bidiyo ke yi wanda littafi ba ya yi? Ɗauki aikin zaunar da ƙarfe cikin ice. Mai aiki zai kanga ƙarfen a kan harshen fitila har ya yi baƙi, ya ɗora shi a gurbinsa, ya ɗan danna, ya ɗaga. Duk inda baƙin ya taɓa icen, nan ne ya yi tudu. Sai ya kankare wurin, abin da bai fi ɓawon albasa ba, ya sake shafa baƙi, ya sake ɗorawa. Littafi zai faɗi wannan a layi uku. A bidiyo ne za ka ga cewa sau talatin ko fiye ake maimaitawa, ka ga yadda mutum ke jin icen da ɗan yatsa, ka ji ƙarar kaifi mai ci da ta wanda ya dakushe. Gani ya kori ji, amma bidiyo ma na da cutarsa: an yanke wuraren gajiya, aikin mako guda ya koma minti goma, mai kallo ya ɗauka abin wasa ne.

Fim ɗin da kowa ke fara ambata shi ne The Gunsmith of Williamsburg na 1969, inda Wallace Gusler ya ƙera bindiga tun daga sandar ƙarfe, da zugazugi da uwar maƙera da masaba, yadda ake yi a ƙarni na 18. Duk ɗan gidan maƙera da ya kalle shi zai ga kamar a rumfar kakansa yake. Amma kada ka saye shi da niyyar bin sa mataki-mataki. Fim ne na tarihi, kimanin awa ɗaya, na nuna aikin da ya ci ɗaruruwan sa'o'i. Faifan Hershel House na Woodbury a jihar Kentaki, wanda kamfanin American Pioneer Video ya fitar, ya fi kusa da zama gaban malami. Salonsa na ƙauye ne, ba ƙyale-ƙyale, kuma shi ne aka nuna yana aiki a Foxfire 5 na 1979, littafin da ya haɗa ƙira da narkar da tama da farauta a tsaunukan Apalaciya.

Kafin ka fitar da ko kwabo, leƙa YouTube. Jim Kibler na jihar Ohayo yana da bidiyoyi kyauta, masu haske da natsuwa. Sai dai ka sani cewa kan kayan haɗin da kamfaninsa ke sayarwa yake koyarwa, waɗanda inji ya riga ya sassaƙa kusan duka. Za ka koyi gogewa da rini da ado, ba za ka koyi fito da siffa daga gungume ba. Sauran bidiyoyin intanet kuwa gauraye suke, gwani da ɗan koyo duk murya ɗaya suke magana da ita.

Batun kuɗi: kuɗin aiko da littafi mai nauyi daga Amurka kan kusa kamo kuɗin littafin kansa, don haka nemi na hannu, ko ka jira mai zuwa. Yawancin tsofaffin bidiyoyin a faifan DVD suke, kuma kwamfutocin yanzu da yawa ba su da gurbin saka faifai.

Ga mai karatu a Najeriya akwai maganar da ta fi wannan nauyi. Dokar makamai ta ƙasar, wadda asalinta ta 1959 ce, ta ambaci bindigar da ake ɗurawa ta baki da sunanta, kuma ƙera kowace irin bindiga ba tare da izinin hukuma ba laifi ne da ke kai mutum gidan yari. Kayan haɗin ma ba abin da za ka yi oda kamar takalmi ba ne. Saboda haka a nan, waɗanda littattafan za su fi amfana su ne masassaƙi mai son ganin yadda ake zaunar da tagulla cikin ice, da maƙerin farin ƙarfe mai neman sabon zane, da ɗalibin tarihi ko ma'aikacin gidan kayan tarihi da ke son gane tsohuwar adakar da ke rataye a gabansa. Masassaƙi ya fara da na Dixon. Ɗalibin tarihi ya fara da fim ɗin Gusler, in kuɗi ya ragu ya ƙara da juzu'in farko na Shumway.