Masu zubin dalma a Amurka ku yi hattara da mutumin nan, ya ci min dala 410

Salamu alaikum jama'a. Na daɗe ina jan ƙafa kan rubuta wannan abu saboda kunya, a ce mutum da furfura a gemu an yi masa wayon yara, amma jiya wani ƙanina da ke Dallas ya turo min wani tallan dalma da mazubin harsashi yana tambaya "Yaya in saya?", ina buɗewa na ga hotunan nan ne dai da suka ci kuɗina, sunan mai tallan kawai aka canza. Na ce a'a, shirun ya isa haka.

Ga wanda bai san harkar ba. Ni a Houston nake, ina da takardun ƙasa, ƙarshen mako nakan je filin harbi da wata libarba .38 Special mu harbi takarda mu dawo gida. Tun 2020 lokacin korona da harsashi ya yi wuya a shaguna mutane da yawa suka koma haɗa nasu, doka a nan ta yarda in dai na amfanin kanka ne, sayarwa ce ke buƙatar lasisi. Wani dattijon Bature maƙwabcina shi ya koya min zuba kan harsashin, a narka dalma a 'yar tukunyar lantarki a zuba a mazubi, kusan irin aikin maƙeran fari na gida. Ɗan uwa mai bizar karatu ko ta ziyara ka yi nesa da wannan, dokar tarayya ta hana ka riƙe bindiga da harsashi sai da wasu keɓaɓɓun sharuɗɗa. Na Najeriya kuwa ba da kai ake ba sam, dokar makamai ta 1959 tana nan.

Matsalar kowa a harkar nan ita ce dalma. Da can sai ka je wurin masu gyaran taya su ba ka bokiti guda na 'yan ƙarafan nan da ake maƙalawa a rim don balansin, kusan kyauta. Yanzu labari ya canza, Kalifoniya ta hana na dalma tun 2010, wasu jihohi suka bi, kamfanoni suka koma yin na tutiya da na baƙin ƙarfe, shi ya sa za ka ga an rubuta Zn ko Fe a jikin wasu. To duk wanda ya ce yana da tsabtatacciyar dalma da araha mutane rububinsa suke, nan mutumin ya kafa tarkonsa.

A wani guruf na masu wannan sha'awa na gan shi. Ya ce wai mahaifinsa ne ya rasu ya bar gareji cike da kaya, shi bai san kan abin ba so yake kawai ya rabu da su. Na fara gwada shi da dalma mai nauyin fam 10, kayan suka iso cikin kwana huɗu, dalma ce lafiyayya ba algus. Ashe ƙugiya ce aka sa wa tana. Bayan sati biyu ya yi min magana ta inbos, "my friend" kaza kaza, akwai mazubin kamfanin Lyman na ƙarfe mai rami huɗu sabo dal a kwalinsa, da fam 60 na haɗin da ake kira Lyman lamba 2, wato dalma kashi 90, kuza 5, antimoni 5, duka dala 410 har da kuɗin aikowa. Na buga lissafi, fam ɗaya giren 7,000 ne (giren ɗan ƙaramin ma'aunin nauyi ne), kan harsashina giren 158, kenan wajen 44 a kowane fam, fam 60 ya haura 2,600. Kwaɗayi ya rufe min ido.

Da aka zo biya sai ya ce kar in bi ta PayPal ta hanyar sayen kaya, wai suna rufe akawun in suka ga abin da ya shafi bindiga, in tura ta Zelle, wata hanyar tura kuɗi kai tsaye daga banki zuwa banki. Gaskiya ne PayPal na da ƙa'ida kan bindigogi da harsasai, kuma haka mutumin yake a komai, da gaskiya yake naɗe ƙaryarsa. Su Zelle da bakinsu suna cewa a tura wa wanda aka sani aka yarda da shi kawai, kuɗi in ya tafi ya tafi. Na sani, na kuma tura. Wannan laifina ne ba na kowa ba.

Kaya sun zo kuwa, da bai aiko komai ba ma da na gane da wuri. Kwalin gidan waya ne irin mai kuɗi ɗaya da ke ɗaukar har fam 70, matar da ke kawo mana wasiƙu ta dire shi a ƙofa tana haki tana tambayata ko duwatsu nake saye. Mazubin na cikin kwalinsa na asali, an lafta masa man giris kamar za a binne shi.

Na wanke shi da sabulun kwanuka da tsohon buroshin haƙori, na bar shi ya bushe sarai na ɗumama, don ɗigon ruwa ɗaya in ya shiga ƙarƙashin narkakkiyar dalma tukunyar feso maka za ta yi a fuska. Na sa curi uku a tukunya. Dalmar kirki in ta narke za ka ga samanta na sheƙi kamar madubi, wannan kuwa sai ta yi wani kauri mai gudaji-gudaji kamar kunun da aka dama da gaggawa, na kwashe saman, wani ya sake tasowa. Abin da ya fito daga mazubin duk a yamutse, gefunan ba su cika ba, ga wani siririn fiffike a inda ɓari biyun ke haɗuwa.

Na tura wa mai tallan hoto. Cikin minti biyar ya amsa, wai ai sabon mazubi haka yake, sauran man kamfani ne a ramukan, in sake wankewa in ƙara masa zafi. Kuma wallahi duk mai zubi zai gaya maka haka ne, sabon mazubi ko mai sanyi yakan fitar da yamutsattsu a farko sai ya ɗau zafi ya daidaita. Ban ma yi tunanin yaya aka yi wanda ya ce bai san kan abin ba ya zama malami dare ɗaya ba. Na sake wankewa. Ya ce in ɗan yi wa ramukan hayaƙin ashana, na yi. Ya ce wutar tukunyata ce ba ta kai ba. Sati uku yana juya ni kamar waina a tanda, ni kuma ina zargin hannuna, har ina ba shi haƙuri kan yawan damunsa da nake!

Sai da dattijon nan ya dawo daga tafiya. Bai ce komai ba, ya rufe mazubin ya ɗaga shi saitin ƙwan fitilar gareji ya ce in leƙa. Haske na ratsowa ta tsakiya. 'Yan fil-fil ɗin da ke saita ɓari biyun sun ci sun yi lako-lako, cikin rami na biyu akwai ƙarzar da wani ya yi da sukundireba, ga tabon tsatsa an shafe shi da ruwan baƙanta ƙarfe. Tsohon mazubi ne da ya gama aiki aka yi masa kwalliya. Sannan ya ɗauki curi ɗaya ya ɗiga masa asid ɗin wankin kududdufin wanka, nan take ya fara kumfa yana tsss. Ya ce tutiya ce, dalma ba ta yin haka.

Ya bayyana min yadda abin ke faruwa. Dalma na narkewa a digiri 621 na ma'aunin Amurka, tutiya sai 787. Mai amana yana riƙe wutarsa a ƙasa da haka, sai na tutiya da na ƙarfe su taso sama a kwashe. Mai ha'inci kuwa ya zuba bokitin gaba ɗaya ya buɗe wuta komai ya narke ya cakuɗe, ya zuba a curi ya sayar maka da kuɗin mai kyau, kuma tutiya kaɗan ta isa ta lalata tukunya guda. Har ragowar dalmata mai kyau fam 8 da ke cikin tukunyar ta bi ruwa. Abin da ya fi tsaya min a rai ma, ban san me da me ya jefa a ciki ba, sati uku ina tsaye a kan hayaƙinsa ina ƙara wuta, mu da muka san abin da gubar dalma ta yi wa ɗaruruwan yara a Zamfara a 2010. Sai da na je aka ɗibi jinina aka auna kafin hankalin uwargida ya kwanta.

Na rubuta wa mai tallan cewa na gano, ya dawo min da kuɗina in mayar masa da tarkacensa. Ya karanta, ya yi bulokin ɗina. Adireshin da ke jikin kwalin na duba a taswira, shagon hayar akwatin wasiƙa ne. Na kai ƙara shafin IC3 na FBI, inda ake kai ƙarar damfarar intanet, da na FTC, hukumar kare haƙƙin masu saye, da kuma masu binciken gidan waya tunda ta hannun gidan waya aka aiko kayan, na haɗa musu sikirinshot ɗin hirarmu duka. Bayan kwana biyu da na yi ƙorafi a guruf wani ya faɗo min inbos wai shi ƙwararre ne wajen ƙwato kuɗin damfara in ba shi dala 80 na somin aiki, na ce Allah ya ba da sa'a, maciji ɗaya ba zai sare ni sau biyu ba.

Yadda za ku gane shi ko ya canza suna, labarin dai ɗaya ne, wani lokacin uba ne ya rasu wani lokacin suruki. Hotunan a kan wani koren teburi ne mai tsagewa a kusurwar hagu, da jan kofin shayi a gefe. Ku ce ya rubuta sunanku da kwanan wata a takarda ya ajiye kusa da mazubin ya ɗauka, ramukan a buɗe ba giris, za ku ji ya fara cewa kayan na gidan 'yar uwarsa a wata jiha. Ƙanina ya gwada shi jiya da daddare, amsar da ya ba shi kenan kalma da kalma. Curin nan 50 da wani abu suna nan jibge a lungun gareji, Asabar zan kai wa masu sayen tarkacen ƙarfe in ji nawa za su ba ni.