Hugin ko GIMP wajen ɗinke hotuna?

Duk biyun manhajojin kwamfuta ne na kyauta, amma aikinsu ba ɗaya ba. Hugin don haɗa hotuna su zama faffaɗan hoto guda aka yi shi. Da kansa zai nemo inda hotuna biyu suka dace, kamar kusurwar taga, ya gyara lanƙwasar da gilashin kyamara ya jawo, sannan Enblend, wata ƙaramar manhaja da Hugin ke aiki da ita, ta ɓatar da layin ɗinkin. Sai dai maɓallansa kan rikita sabon shiga.

A GIMP kuwa, manhajar gyaran hoto, da hannu za ka jera hotunan, kana shafe gefuna har wuyanka ya ƙage. Ni dai da Hugin nake ɗinki. In mai wucewa ya fito sau biyu, sai in koma GIMP in goge ɗaya.